Me Ya Sa Sandar Sunuka Ta Zaren Kabon Ke Da Tsada?

Duk mai teburin sunuka a Umarari ta Maiduguri ya san halin sandar katako. Danshin damina ya kumbura ta, hunturu ya busar da ita, zafin bazarar Maiduguri mai haura digiri 40 ya ƙarasa. In ka mirgina ta kan tebur, sai ka ga bakinta yana rawa, alamar ta karkace.

Wannan matsalar ce sandar zaren kabon ta zo magancewa. Ana naɗe siraran zaruruwan kabon a jikin ƙarfe, haɗe da ƙaro na musamman, a gasa, a zare ƙarfen, sannan a cika ramin da soso marar nauyi. Yanayi ba ya lanƙwasa ta, kuma rashin nauyin bakinta yana rage bauɗewar ƙwallo idan an buge ta a gefe.

Kamfanin Predator na Amurka ya fito da irin wannan sanda, samfurin REVO, a 2016. Rabin sandar na gaba kaɗai yakan kai dala 500. Kuɗin ba na kayan haɗi ba ne kawai: akwai bincike, akwai ɗaukar nauyin zakarun 'yan wasa don talla. Masana'antun Sin suna yin masu rahusa, amma mai teburin da ke karɓar kuɗin wasa ɗaiɗai, katako ya fi masa daidai da aljihu.