Bututun Shan Iska: Aikin da Ake Yi wa Motar Daji a Ƙofar Ruwa

Duk wanda ya saba ganin motocin shiga daji, irin su Land Cruiser da Hilux, ya san baƙin bututun nan da ke fitowa daga fenda, ya bi gefen gilashin gaba ya miƙe har saitin rufi. Da yawa suna ɗauka salansa ce. Salansa hayaƙi take fitarwa. Wannan kuwa ta cikinsa injin yake jan iskar da zai ƙona mai da ita. Akwai motocin da suke zuwa da shi tun daga kamfani, akwai waɗanda sai daga baya ake ɗora musu. A Kano, mai neman kayan mota da hannun da zai ɗaura su, Ƙofar Ruwa yake nufa, can arewacin birni, ba nisa da Dutsen Dala, inda kasuwar kayan gyara da ƙarafa ta mamaye bakin tsohuwar badala.

Ba sana'a ba ce da mutum zai buɗe shago dominta kaɗai. Aiki ne da ke ratsa hannu uku: mai sayar da kaya ya kawo bututun da ya dace da motar, mai gyaran bodi ya huda ƙarfe, makanike ya haɗa shi da akwatin filtar iska. Wani lokaci gwani ɗaya ke haɗa na biyun da na ukun, kuma shi na fi so a samu, domin aikin da aka raba wa mutane da yawa, ranar da ya lalace kowa zai ce ba a wajensa ba ne.

Dalilin da ya sa aikin ya samu gindin zama a Kano a fili yake. Tun zamanin da ayarin raƙuma ke sauke gishirin Bilma ana kai shi Kasuwar Kurmi, fuskar kasuwancin garin nan tana kallon arewa. Hanyar tana nan, abin hawa ne ya sauya: Kazaure, Daura, Kongolam, Matamaye, Damagaram, Tanut, har Agadas. Daga Agadas kuwa in an nufi Dirku da Bilma, babu sauran zancen kwalta, sai rairayin Tenere. Da aka gano zinariya a Jado a 2014, motocin da suka kwashi masu haƙa da ruwansu da abincinsu galibi irin waɗannan ne. Ga kuma motocin asibiti da na ƙungiyoyin agaji da na masu aikin gona, waɗanda ke bin hanyoyin burji da rani da damina.

Mutane sun fi danganta bututun da tsallake ruwa, amma a ƙasarmu ƙura ce abokiyar gaba ta kullum. A ɗauki injin 1HZ na Land Cruiser, mai silinda shida da lita 4.2, wanda Toyota ta fara fitarwa a 1990 kuma har yau direbobin sahara ke yabonsa. In yana juyawa sau 2,000 a minti ɗaya, iskar da yake zuƙa ta kai wajen lita 4,000 a wannan mintin. A yawancin motoci, bakin da wannan iska take shiga yana cikin fenda ne ko bayan fitila, wato daidai inda tayar gaba ke tayar da ƙasa. Filta za ta tare abin da za ta iya, sannan ta toshe. Mota ta fara nauyi, ta yi ta baƙin hayaƙi, ta ƙara shan gas. In kuwa filtar ta yage, ko yaron mota ya yi ta buga ta a jikin taya har ta tsage, ƙasar za ta wuce ta cinye ringi da bangon silinda a hankali, sai a wayi gari injin yana shan baƙin mai. Ɗaga bakin zuwa rufi yana raba injin da ƙura mai nauyi da ke yawo kusa da ƙasa. Hazon hunturu da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi kam ko'ina yana nan, wannan sai filta mai kyau. Saboda ƙurar motar gaba, masu tafiya a jere cikin sahara sukan juya bakin bututun ya kalli baya, ko su sa masa kai mai kama da kwano wanda ke juya iska, ƙasa ta taru a gindinsa a zubar da yamma.

Ruwa kuwa ba ya ba da wa'adi. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. A wannan injin da na ambata, in fistin ya kai ƙarshen hawansa, gurbin da ya rage a samansa bai wuce cin cokali biyu zuwa uku na ruwa ba. Da zarar abin da ya fi haka ya shiga, fistin zai taho da ƙarfinsa ya tarar babu hanya, kwanrod ya lanƙwashe ko ya karye ya fasa jikin injin. Nan take injin ya buga. Wanda ya ga yadda ruwa ya yanke hanyoyin Haɗeja da Ringim a daminar 2022, ko yadda Maiduguri ta kasance bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumbar 2024, ya san ba a sahara kaɗai ake bukatar motar da ke shaƙa daga sama ba.

Aikin kansa yana farawa da takarda. Bututu na kirki yana zuwa da zanen ma'auni, a manna shi jikin fenda, a daidaita shi da bakin ƙofa da layin bonet, a ɗiga alamar kowane rami. A nan ake gane maigida da yaro. Maigida ba ya ɗaukar injin huda sai ya cire akwatin filta da robar cikin fenda, ya leƙa ya ga me ke bayan ƙarfen: waya ce, tankin ruwan goge gilashi ne, ko wani ƙarfe da ke riƙe da bodi. Sai ya auna, ya sake aunawa, ya ɗora bututun da hannu ya duba. Babban ramin ya kai faɗin tafin hannu, kuma in aka huda shi a karkace babu dawowa. Bayan an huda, a goge bakin da ya yi kaifi, a shafa masa fenti ya bushe. Mai gaggawa yakan tsallake wannan, domin bututu zai rufe wurin ba mai gani. Damina biyu, tsatsa ta fara cin fendar daga ciki. Daga nan a kafa ƙarfen da zai riƙe bututun a ginshiƙin gefen gilashi, da hannu mai sauƙi, don kuskure kaɗan zai tsaga gilashin.

Yawancin wannan ido yana iya gani. Inda darajar aikin take shi ne abin da ke ɓoye a ƙarƙashin bonet. Tsakanin bakin bututu a sama da injin a ƙasa akwai mahaɗa uku ko huɗu, kowace sai an shafa mata gam mai jure zafi, an ɗaure ta da kilif tamau. Akwatin filta yana da tsohon bakinsa da dole a toshe, yana kuma da ɗan ramin tsiyayar ruwa a gindinsa wanda in aka manta da shi, ta nan kogi zai shigo. Murfin akwatin ma in robarsa ta bushe sai an canja. Ko bututun da wasu Land Cruiser ke zuwa da shi daga kamfani, gaɓa-gaɓa ne, an yi shi ne domin ƙura, sai an bi mahaɗansa an liƙe kafin a amince masa a ruwa. Gwajin kuwa ba ya cin ko sisi: a tayar da mota tana tsaye, a rufe bakin bututun da guntun katako ko roba mai kauri. In aikin ya yi, injin zai shaƙe ya mutu cikin 'yan daƙiƙu. In ya ci gaba da ruri, to yana samun iska ta wata kafa, kuma kafar da iska ta bi ruwa ma zai bi. Ina ganin bai kamata mai mota ya biya kuɗin aiki ba sai an yi wannan gwaji a gabansa.

Kayan ma suna suka tara. Na kamfanin Safari na Ostireliya da ire-irensa an yi su da roba mai kauri da ke jure rana. Akwai kwaikwayonsu masu araha da kan yi fari su tsattsage bayan 'yan bazara. Masu walda sukan lanƙwasa bututun ƙarfe mara tsatsa mai inci uku ko huɗu, kuma in gwani ne ya yi, yana da ƙarko. Abin da ban yarda da shi ba shi ne bututun ruwan famfo da ake yi wa baƙin fenti a ɗaura: ya cika ƙunci, ya shaƙe injin, rana ta gasa shi ya fashe a inda ba a gani. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Motar da ba ta da bututu, direbanta yana tsoron ruwa, ya tsaya ya jira ya janye. Wadda aka ɗora wa na ƙarya kuwa, direbanta zai faɗa da gaba gaɗi.

Saboda haka rabin sana'ar a baki take. Makanike na gari, in ya miƙa mukulli, zai ce wa mai motar: Alhaji, injin kaɗai muka ɗaga wa numfashi, sauran motar tana inda take. Hilux ta zamani kamfaninta bai yarda ta shiga ruwan da ya wuce santimita 70 ba, kuma bututu bai soke wannan ba. Giyabos da aksil suna da nasu ƙananan ramukan shan iska. In suka shiga ruwan sanyi da zafinsu sai su zuƙe shi, mai ya koma fari, haƙoran giya su fara ci. Waɗannan ma ana jan musu siririn tiyo zuwa sama, kuma wanda ya san aikinsa zai kawo maganar tun kafin a tambaye shi. Ga fanka da ruwa kan tura ta ta yanki lagireto, ga kwamfutar injin da wayoyinta a sababbin motoci. Sannan ruwa mai gudu, in ya kai ƙofa, yana iya ɗaga motar ɗungurungum ya tafi da ita da mutanen ciki, injin yana aiki lafiya lau.

Bayan tafiyar farko a burji, ya kamata a dawo da motar gareji a sake bin kowane kilif da sifana, domin girgiza tana sassauta su. A buɗe akwatin filta a shafa yatsa a ɓangaren da ke kallon injin. In yatsan ya fito da ƙura, akwai mahaɗar da ba ta kama ba, sai a kwance a sake.