Me Ya Sa Ake Raɗa Wa Ƙwarin Tsibiri Suna?

Duk wanda ya taɓa tankaɗe garin da ya daɗe a buhu ya san ɗan jan ƙwaron nan da ke saura a rariya. Ɗan wani babban gida ne na ƙwari masu sulke da masana ke kira Tenebrionidae, wato masu gudun haske, sunan da Bafaranshe Pierre Latreille ya raɗa musu a 1802. An tantance fiye da jinsi 20,000 a gidan, kuma har yau ana samun sababbi, musamman a tsibiran yankuna masu zafi. Dalili shi ne, da yawa daga cikinsu ba sa tashi. Idan icen da ruwa ya kwaso ya jefa kakanninsu wani tsibiri, sun zauna ke nan, zuriya bayan zuriya, har kamanninsu su bambanta da na 'yan'uwan da suka baro. A tsibiran Galapagos, inda Charles Darwin ya tara ƙwari a 1835, akwai zuriyar Stomion da George Waterhouse ya siffanta a 1845, wadda ba a samun ta ko'ina a duniya sai can.

Aikin tantancewar yana cin rai. Mai bincike zai yi ta ɗaga duwatsu yana ɓantare ɓawon ruɓaɓɓen ice, sannan ya koma kan madubin ƙara girma yana gwada ƙafa da ƙafa, har da al'aurar namijin, da samfurin asali da ke ajiye a gidan tarihi. Yanzu an ƙara da gwajin ƙwayoyin gado, wanda kan tona cewa ƙwari biyu masu kama ɗaya ba jinsi ɗaya ba ne.

Wani zai ce, duniyar da ake fama da yunwa ina ta ga kuɗin ƙirga ƙwari? Tambayar tana da nauyi, amma a dubi tsibirin Frégate na ƙasar Seychelles, wanda faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 2 da 'yan kai ba. Nan kaɗai Polposipus herculeanus yake rayuwa a daji, wani ƙaton ƙwaro da tsawonsa ke kai santimita 3, wanda aka ba suna tun 1848. Da ɓeraye suka kutsa tsibirin a 1995, an riga an san akwai shi, an san ba shi da wata mafaka, sai aka kwashi wasu aka kai gidan namun dajin Landan don kiwo, aka kuma kawar da ɓerayen a 2000. Da ba shi da suna, da ya ƙare ba wanda ya ji labari, don hukuma ba ta ware kuɗi ko kafa doka a kan abin da ba ya cikin rajista. Ko maganin ƙwaron buhun namu, sai an san wane ne shi ake dacewa.

Sukar da ta fi ƙarfi ita ce, mai bincike sai ya kashe ƙwaron kafin ya siffanta shi. Haka ne, kuma a tsibirin da jinsi ya kusa ƙarewa dole hukuma ta ƙayyade abin da za a ɗauka. Sai dai 'yan ƙalilan da ake sokewa da allura a akwatin gilashi ba su kai abin da ɓeraye ke lamushewa a dare ɗaya ba, balle abin da sare daji ɗaya don gina otal ke shafewa.