CIWON DA AWON ASIBITI BA YA GANI: Amfanin Rawa Da Gyaran Tsayuwa Ga Mata

Duk wanda ya zauna a Kakuri, ko Makera, ko Nasarawa, ko Barnawa, watau unguwannin da ke ƙetaren kogin Kaduna ta kudu, da wuya a ce bai san wata mace mai irin wannan hali ba. Da ciwo ta ke kwana, da shi ta ke tashi. Yau wuya ne da kafaɗu, gobe ƙugu da cinyoyi, jibi kuwa sai ta ce ko'ina ne. Ta yi barci har asuba, amma ta farka kamar wadda ta kwana daka. Maigida ya kai ta asibiti, an ɗebi jini, an ɗauki hoton ƙashi, likita ya ce bai ga kome ba. Daga nan sai bakin mutane ya buɗe. Uwar miji ta ce ƙiwa ce, kishiya ta ce shagwaɓa ce, maƙwabta su ce sammu ne ko iska. Shi kuwa maigida, da ya ga kuɗi na tafiya ba sauƙi, sai zuciyarsa ta fara karkata ga maganarsu. Saboda shi ne muka ɗauko wannan magana, domin aure na iya mutuwa a kan abin da ba laifin kowa ba ne.

Likitoci sun san wannan ciwo, suna kiransa faiburomayaljiya, ma'anarsa ciwon tsoka da jijiyoyi. A 1976 aka raɗa masa wannan suna. A 1990 ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka ta kafa ma'aunin gane shi: ciwo ya game jiki har tsawon wata 3, kuma a sami zafi a wurare 11 daga cikin 18 da likita zai danna. A 2010 aka sake ma'aunin, aka bar danne-dannen, aka koma duban yaɗuwar ciwon tare da gajiya, da barcin da ba ya wartsakarwa, da yawan mantuwa. An ƙiyasta cewa cikin mutum 100 akan sami 2 zuwa 4 masu shi, kuma mata sun fi yawa.

To, me ya sa awo ba ya ganinsa? Saboda aibin ba a ƙashi ya ke ba, ba kuma a jini ba. Yana cikin yadda laka da ƙwaƙwalwa ke karɓar saƙon zafi. Misalinsa kamar maigadin kanti ne wanda ya taɓa gamuwa da 'yan fashi, daga ranar ko kyanwa ce ta gifta sai ya kwarma ihun ɓarawo. Ihun na gaske ne, mutanen gida kuma sun farka, ko da ya ke ba a saci kome ba. Haka zafin da matar nan ke ji, na gaske ne. Rashin barci kuma na ƙara wa maigadin firgita. Tun a 1975 wani likita a birnin Toronto na Kanada, Harvey Moldofsky, ya nuna cewa in aka dinga katse wa masu lafiya barci mai nauyi, cikin 'yan kwanaki su ma sai jikinsu ya ɗauki ciwo.

Mutanen kudancin Kaduna kuwa sun san abin da ke hana mace barci. Masaƙar farko ta Kakuri, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, babbar maƙwabciyarta UNTL ita ma ta tsaya da aiki a 2007. Magidanta da yawa suka rasa albashi, nauyin tukunya ya koma kan mata: wannan tana kan keken ɗinki har dare, waccan tana sunkuye bisa kaskon suya tun da jijjifi, ga goyo, ga ɗebo ruwa. Aiki da damuwa ba su kaɗai ke kawo ciwon ba, amma lalle suna iza shi.

Abin da akasari akan yi shi ne a aika yaro kemis. To, a yi hattara. Ƙwayoyin kashe zafi da akan sha kullum suna iya jawo gyambon ciki, su taɓa ƙoda. Taramol da kodin kuwa kama mutum su ke yi, har ta kai Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. A 2021 hukumar da ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin magani ta ba da shawarar kada a ɗora masu irin wannan ciwo a kan waɗannan ƙwayoyi, a nuna musu motsa jiki. Kafin nan, a 2016, ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Turai ta tace dukan hanyoyin da aka gwada, kuma hanya ɗaya tak ta ƙarfafa ba tare da togaciya ba, ita ce motsa jiki.

A nan ne rawa ta shigo. A 2012 likitoci a birnin Sao Paulo na ƙasar Barazil suka buga sakamakon gwajin da suka yi da mata 80 masu wannan ciwo. Rabinsu aka koya musu rawar ƙugu irin ta matan Masar, sau 2 a mako har mako 16, rabi kuma aka bar su suna jira. Waɗanda suka yi rawar zafinsu ya ragu, tafiyar da su ke iya yi cikin minti 6 ta ƙaru, suka kuma fi jin daɗin rayuwarsu. Haka nan a 2010, a birnin Boston na Amurka, an gwada wa mutum 66 wani motsi na Sinawa mai suna taici, wanda akan yi a tsaye a hankali ba kiɗa, aka ga amfani cikin mako 12. Ba a ce rawa ta fi tafiya a ƙasa magani ba. Fifikonta shi ne mace ba ta saurin gundura da ita, ana yin ta cikin 'yan'uwa, ba ta kuma bukatar fita titi.

Mun sani wani mai karatu zai ɗaure fuska da jin kalmar rawa a wannan fili. Sai mu bambance. Abin da malamai suka tsawatar a kai shi ne cakuɗuwar maza da mata, da bayyana tsiraici, da waƙoƙin batsa. Game da kayan kiɗa kuwa akwai saɓani sananne, kowa ya bi malamin da ya amince da shi. Amma mata huɗu ko biyar a tsakar gida, ƙofa a rufe, suna taka ƙafa da tafi irin na gaɗar da suka yi suna 'yan mata, domin neman lafiya, wannan wani abu ne dabam. Wadda ba ta natsu da tafin ba, ƙirge ya ishe ta. Motsa jikin mace ba baƙon abu ba ne a addini, domin Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi tseren gudu da Nana A'isha har sau biyu.

Sai dai akwai ƙa'ida, wadda ta karya ta za ta sha wuya. Da farko a ga likita, ko a Asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri ko wani, domin a tabbata ba sikila ba ce, ba ƙarancin jini ba, ba ciwon maƙoƙo ba, ba kuma amosanin gaɓɓai ba. In akwai zazzaɓi, ko kumburin gaɓa, ko rama, to, wannan wata magana ce. In da hali a nemi sashen gashin ƙashi a babban asibiti, su nuna motsin da ya dace.

Sa'an nan a fara da kaɗan. Minti 5 ya isa ranar farko, bayan wanka da ruwan ɗumi. A dinga ƙara minti 1 ko 2 kowane mako, har a kai minti 20 zuwa 30, sau 2 ko 3 a mako. Ban da tsalle, ban da fizgar wuya. In numfashi ya hana ta magana, ta yi sauri da yawa. Makonnin farko ciwon na iya ɗan tashi. In ya wuce kwana ɗaya ko biyu sai a rage rabi, kada a daina. Babban tarkon shi ne ranar da ta ji dama: sai ta kwashe wankin mako guda ta yi, ta biya da kwanciyar kwana uku. Sannu ba ta hana zuwa.

Gyaran tsayuwa shi ma ba ya cin ko kwabo. Ta jingina bayanta da bango, ƙeya da kafaɗu da ɗuwawu suna taɓa shi, ta ja haɓa ciki kaɗan, ta yi numfashi mai zurfi sau 5. Ta juya kafaɗu baya a hankali sau 10. A sa wa tsintsiya sanda, a ɗora bahon wanki bisa benci. In za ta ɗaga bokiti ta lanƙwasa gwiwa, kada ta karya ƙugu. Mai ɗinki da ma'aikaciyar ofis su miƙe su ɗan taka duk bayan rabin sa'a. Game da salla kuwa, shari'a ta yi sauƙi: wadda tsayuwa ta gagare ta sai ta yi a zaune. Ranar da ta iya, ta tsaya, ta yi ruku'u da sujada cikin natsuwa.

Saura kai, maigida. Kai ɗan kasuwa ne, ka san ba a zubar da kaya don kawai ba a ga inda suka yage ba. Kai ma'aikaci ne, ka san darajar hutun rashin lafiya. Ka gaskata ta, ka kare ta daga bakin dangi, ka bar mata rabin sa'a da tsakar gida, ka rage mata aikin dare don ta sami barci. Wannan ciwo ba ya cin gaɓa, ba ya shanye jiki, amma yakan daɗe, sauƙinsa kuma da makonni a ke auna shi. Wadda ta sami mai tsaya mata ta fi kusa da jurewa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu zama masu tausayin iyalinmu, amin. Wassalam.