Kukan Mota A-kori-kura In An Taka Totur

Jama'a, mota ba ta da bakin da za ta gaya wa mai ita inda ke mata ciwo, amma tana kuka. Mota a-kori-kura kuwa, irin su Toyota Hilux, kullum cikin ɗaukar kaya ta ke, saboda haka in wani abu ya fara lalacewa, lokacin da a ka taka totur ne ya kan tona kansa, don a sa'an nan ne ƙarfin inji ke bi ta cikin kowane ƙarfe. Da yawa daga cikinmu za su yi aiki a ƙauyukan da bakanike ke nesa, to, ya kamata mu san fassarar wannan kuka.

Abin da za ka fara yi shi ne ka raba laifin gida biyu. Tsai da mota, ka ja hambirki, ka sa giya a firi, sa'an nan ka taka totur sannu sannu. In kukan ya fito mota tana tsaye, laifin yana wajen inji. In kuwa sai tana tafiya ya ke fitowa, galibi ka neme shi daga giya zuwa ƙafafun baya.

Mu fara da na wajen inji. In ka ji tsuwwa mai tsini, fambel ne ya saki ko ya siɗe. Kashe inji, ka danna shi da babban yatsa. Irin na tsofaffin motoci bai kamata ya lotsa fiye da rabin inci ba, watau wajen santimita 1. A ɗaure shi, in ya tsattsage a sake sabo. Kada ka rena shi, don shi ke juya injin cajin batir, a motoci da yawa har da famfon ruwa. Ranar da ya tsinke inji zai yi zafi.

In ka ji tat-tat-tat da sauri, ya fi ƙarfi da safe, ya ragu in inji ya ɗumama, hayaƙi ne ke tsiyaya daga mahaɗin salansa. Dalilin raguwarsa shi ne ƙarfe ya kan buɗe in ya sha zafi, ya toshe kafar. Wannan hayaƙi yana ɗauke da iskar guba mara wari, wadda a ke kira kabon monoksaid, in ta shiga gaban mota tana sa direba jiri da barci.

Akwai kuka biyu da kan iya yin shiru in mota tana tsaye, ko da ya ke na inji ne. Na farko, kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani, ya kan zo a kan hawa da kaya. Fetur ne ke fashewa cikin inji ba bisa ƙa'ida ba, saboda rashin kyaun man, ko zafin inji, ko kuskuren saitin wutar fulogi. Rage giya nan da nan, ka sake gidan mai, in bai daina ba a duba saitin. Na biyu, wata gwab guda ɗaya lokacin tashi, wannan robar da inji ke zaune a kai ce ta yage.

Amma in ka ji ƙwanƙwasa mai nauyi daga can ƙasan inji, kamar ana buga guduma, balle in jar fitilar baƙin mai ta kama, kashe inji a inda ka ke. Tafiyar mil 1 a haka tana iya cinye injin ɗungum. Gara kuɗin janwe da kuɗin sabon inji.

To, sai na ƙarƙashi. Farfela ita ce doguwar sandar da ke kai ƙarfi daga giya zuwa aksul na baya, tana da gaɓoɓi waɗanda makanikai ke kira kuros. In kuros ya ci, za ka ji ƙwal in ka taka totur, ka sake ji in ka ɗaga ƙafa, mota kuma ta riƙa karkarwa a guje. Kashe inji, ka sa wa tayoyi waigi gaba da baya, ka kama farfela ka jijjiga. In ta yi wasa a gaɓa, a sake kuros tun ba ta faɗo bisa hanya ta jawo hatsari ba. Kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashin motar da ke bisa jak kaɗai.

Kuka kamar na iska daga baya, wanda ke sake murya in ka taka ko ka saki totur, na aksul ne, a fara duba mansa. Wanda ke bin gudun mota kawai, bai kula da totur ba, ya kan sake in ka karya kwana, wannan boris na taya ne.

In ka je wa bakanike, kada ka ce masa mota tana ƙara kurum. Gaya masa irin kukan, da giyar da ka ke ciki, da ko inji na da zafi ko sanyi, da kaya ko ba kaya. Wanda ya yi haka ba a saya masa abin da bai lalace ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah ya kiyaye mana hanya, amin.