Motar Gona Da Ke Kwana Lafiya Ta Tashi Ba Wuta

Idan tumatir da albasa na noman rani suka nuna a Kadawa da sauran wuraren ban ruwa, motar ɗaukar kaya ita ce jakin manomi. Yawancin motocin nan kuwa tsofaffi ne. Akwai a-kori-kura ta Peugeot irin wadda aka yi ta haɗawa a Kaduna bayan an buɗe masana'antar a 1975, akwai kuma na hannu waɗanda aka shigo da su daga Turai. Sau da yawa akan loda kwanduna da dare, da asuba direba ya murza makulli ya ji shiru. Kafin a sami mai gyara rana ta take, 'yan sari sun watse daga Kwanar Gafan, tumatir ya fara ruwa. Sai mai mota ya ruga ya sayi sabon batir, bayan mako guda shi ma ya mutu. Abin da ya kamata shi ne a bi ciwon daki-daki kafin a kashe ko kwabo.

Batir Da Kawunansa

Da fari a kunna manyan fitilu, sa'an nan a murza makulli. In fitilu suka dushe ƙwarai, to, ko batir ya yi sanyi ko kawunansa sun yi datti. In kuwa suna nan da haskensu amma kik bai motsa ba, batir ba shi da laifi, sai a nemi ciwon a gaba.

Farin garin nan da ke taruwa a kan batir yana hana wuta wucewa. A kwance wayar da ke da alamar ragewa (-) tukuna, kana mai alamar tarawa (+). A wanke da ruwan zafi da 'yar kanwa, kada dai ya shiga cikin batir, a kankare, a ɗaure tam, a shafa man giris. Wajen mayarwa, mai alamar ragewa ita ce ta ƙarshe. Kada a kawo taba ko ashana kusa, domin batir yana fitar da iska mai kama wuta.

Mai ƙaramar mita ta awon lantarki ya fi kowa hutawa. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6. In ya nuna 12.2 rabi ya rage, in ya gaza 12 ya kusa ƙarewa. Sa'ad da inji ke aiki ya kamata a ga wajen 14. In bai kai 13 ba, altaneta ba ta caji, kuma sau da yawa fambel ne ya saki.

Akwai kuma kakkaurar wayar da ta haɗa batir da jikin mota, wadda ta nan ne wuta ke komawa. Motar da ke ɗaukar takin zamani takan yi tsatsa da wuri, domin taki da laima suna cin ƙarfe. Fitilar baya da ke lumshewa in an taka birki, yawanci tsatsa ce a inda wayarta ta kama jiki.

Ɓarawon Dare

In batir yana da kyau, caji yana tafiya, amma kullum da safe ba wuta, to, wani abu yana sha cikin dare. Ga lissafinsa. Batir na ƙaramar mota yakan ɗauki wajen amfiya 60 na awa guda. Ƙwan fitila ɗaya da ya ƙi mutuwa cikin but yana jan kusan rabin amfiya, watau wajen 10 ke nan a kwana ɗaya. Kwana uku ko huɗu sun isa su hana tsohon batir tada inji.

Hanya mafi sauƙi ita ce a cire wayar ragewa da dare, a mayar da safe. In mota ta tashi, ɓarawon yana cikin mota. In ta ƙi, batir ne ba ya riƙe caji. Mai mita kuwa sai ya sa ta a ma'aunin amfiya 10 tsakanin kan batir da wayar da ya cire, ya rufe ƙofofi, ya dakata kamar rabin sa'a. Kada ya murza makulli, mitar za ta ƙone. Abin da ya wuce 0.05 ya yi yawa. Sai ya riƙa zare fis ɗaya ɗaya har awon ya faɗi. Layin wannan fis shi ne mai laifi.

Fis ɗin da ya ƙone a sa irinsa daidai: ja 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Masu cusa takardar azurfar sigari ko waya a gurbinsa suna kiran gobara ne. Wanda kuma ke ajiye mota gindin rumbu ya duba ƙarƙashin bonet, gama ɓeraye suna cin rigar waya.

Ƙararrawar Ɓarayi

Ƙararrawa iri biyu ce. Akwai wadda aka liƙa wa mota daga baya. Mai sa ta yakan yanke wayar kik ko ta famfon mai ya bi da ita ta cikin akwatin ƙararrawar, sau da yawa da murɗe waya da salatif kawai. Gargadar hanyar ƙauye takan sassauta wannan ɗauri, sai mota ta ƙi tashi ko ta mutu ana cikin tafiya. In tana ihu da dare ba wanda ya taɓa ta, a duba 'yan maɓallan da ke bakin ƙofofi da bonet, domin ƙurar hunturu tana maƙale su. Batir mai rauni ma yana sa ta ihu. In rimot ya ƙi aiki, a fara sake ɗan batir ɗinsa.

Ɗayar kuwa da ita aka ƙera motar. Tun 1998 doka ta tilasta a Jamus da Ingila kowace sabuwar mota ta zo da na'urar da ke hana inji tashi sai da makullinta na asali, wanda ke da ɗan guntun lantarki a kansa. Alamarta ita ce inji ya yi ta juyawa bai kama ba, wata 'yar fitila tana ƙyaftawa a gaban direba. Makullin da aka yanka a kasuwa zai buɗe ƙofa, amma ba zai tada inji ba. A gwada makulli na biyu. In ya ƙi, aikin mai rewaya ne wanda ke da na'urar bincike. Kada a bari yaron mota ya yi ta yanke wayoyi da ka.

Manomin da ya san zai yi lodi ranar Lahadi, ya duba batir da fambel da fis tun ranar Alhamis, ya kuma ajiye 'yan fis da sifana mai lamba 10 cikin mota. Ba a fafe gora ranar tafiya.