Yakutiya: Yadda allura da izgar doki ke riƙe da al'adun ƴan Sakha

A arewa maso gabashin Rasha akwai Jamhuriyar Sakha, wadda aka fi sani da Yakutiya. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita miliyan 3, kuma tana cikin wuraren da suka fi ko'ina sanyi a duniya. A ƙauyen Oymyakon, a shekarar 1933, ma'aunin sanyi ya sauka zuwa digiri 67.7 ƙasa da sifiri. Nan ne mazaunin Yakut, masu kiran kansu Sakha, al'ummar da yawanta ya kusa rabin miliyan, wadda harshenta ɗan uwan Turkanci ne.

Yakut makiyayan dawaki da shanu ne, shi ya sa sana'o'in hannunsu suka taso daga jikin doki. Da izga da geza mata ke saƙa tabarmi da huluna da abin korar ƙwari. Da zaren izga kuma suke ɗinke ɓawon wata farar bishiya, su yi mazubin madara da shi. Amma inda gwaninta ta fi fitowa shi ne jalalar da ake rufa wa doki, wadda suke kira chapparaakh. Ana yi mata surfani da zare mai launi da ƙananan duwatsun ado, wani lokaci har da azurfa. A da, dokin amarya ne ke ɗauke da mafi kyawunta ranar kai ta gidan miji.

Zanen da ke jikin waɗannan kaya yana da asali. Wanda ya fi shahara a kan jalala ya samo sunansa daga salkar fata da ake zuba kumis a ciki, wato tsimammen nonon goɗiya. Haka ma adon azurfa na mata: ilin kebiher da ke sauka a ƙirji, da kelin kebiher da ke sauka a baya. Maza kuma su ke sassaƙa choron, ƙoƙon katako mai ƙafa ɗaya ko uku da ake shan kumis da shi.

A zamanin Tarayyar Sobiyet, musamman cikin shekarun 1930, an tattara dabbobi a gonakin gama kai, kayan masana'anta suka maye gurbin na gida. Yawancin tsofaffin tufafi suka koma gidajen tarihi. Daga farkon shekarun 1990 aka fara farfaɗowa, maɗinka suka riƙa nazarin kayan da aka adana da tsofaffin hotuna domin maido da zanen da ya kusa ɓata.

Abin da ya ba sana'ar kasuwa shi ne bikin Ysyakh da ake yi a watan Yuni, lokacin da rana ta fi daɗewa. Dubban mutane kan taru a filin Us Khatyn kusa da birnin Yakutsk, sanye da kayan gargajiya, ana rawar da'ira ta osuokhai. Mai son zuwa sai ya nemi maɗinki da maƙerin azurfa tun da wuri. Da hunturu kuma, takalman fatar barewar yankin sanyi masu adon duwatsu har yanzu su mutanen birni ke sawa, don sanyin ba ya ɗaga ƙafa.

Sai dai da sauran aiki. Surfanin inji ya fi arha da sauri, ga matasa na barin ƙauyuka zuwa birni, inda Rashanci ya fi rinjaye. A 2005 hukumar UNESCO ta karrama Olonkho, dogayen waƙoƙin jarumtar Yakut, wanda ya ƙara musu ƙaimi. Ita kuwa allura, makomarta na hannun makarantu da ƙungiyoyin mata da ke koyar da yara ɗinki tare da sunan kowane zane a harshen Sakha.