Walimar cin BAC a Dakoro: yadda za a yi murna da hantsi ba tare da an cinye guzurin jami'a ba

Duk shekara, da zarar an kira sunayen waɗanda suka ci jarrabawar BAC, gidaje da dama a Dakoro kan shiga shawara iri ɗaya: wace irin walima za a yi, wace rana, kuma da kuɗin wa? Murnar tana da dalilinta. Kafin yaro ya kai ga wannan takarda sai ya yi shekara 13 a kan benci idan bai maimaita aji ba: shida a firamare, huɗu a kwaleji har BEPC, uku a lise. Bayan haka ma ba kowa ke tsallakewa ba. A 2023, a faɗin Nijar, kusan ɗan takara ɗaya ne cikin huɗu ya samu.

Sai dai lokacin da sakamakon ke fitowa yana da nauyi a kan magidanta. Galibi yakan faɗo ne a tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, tiyar hatsi ta yi tsada, dabbobi kuma ba su gama murmurewa daga wahalar bazara ba. Cikin ƴan watanni kaɗan kuma ɗalibin zai ɗauki jakarsa ya bar gari. Don haka duk dalar da aka kashe ranar walima, daga guzurinsa aka cire ta. Walimar hantsi, wadda ake farawa da safe a tashi kafin azahar, ita ce hanya mafi sauƙi ta yin murna cikin mutunci a kuma bar wa yaro abin tafiya.

A jira sakamako na ƙarshe

Hukumar OBEECS ce ke shirya BAC a Nijar, kuma sakamakon yakan fito ne zagaye biyu. Wanda ya samu maki 10 bisa 20 ko sama da haka ya ci tun zagayen farko. Waɗanda suka kusa kaiwa ana ba su dama ta biyu, su sake zama a kan wasu darussa cikin ƴan kwanaki. A tsakanin nan unguwa takan rabu uku: masu murna, masu jira, da waɗanda suka faɗi.

Saboda haka bai dace a sa ranar walima washegarin zagayen farko ba. Abokan ɗalibin na iya kasancewa cikin bita dare da rana, kuma kiɗa a maƙwabta ba zai taimake su ba. A bari a kammala zagaye na biyu, a ƙara mako ɗaya ko biyu. Wannan jinkiri yana ba iyali damar sanar da dangin da ke ƙauyuka irin su Kornaka, Birnin Lalle, Ajekoriya ko Sabon Mashi, yana kuma ba da lokacin yin lissafi da sanyin kai.

A fara da lissafin tafiya

Babu jami'a a Dakoro. Mafi kusa ita ce Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, wadda aka kafa a 2010, kimanin kilomita 120 kudu da garin. Wasu ɗaliban Tawa za su nufa, Jami'ar Djibo Hamani, wasu Damagaram, Jami'ar André Salifou, wasu kuma Yamai, Jami'ar Abdou Moumouni, mai nisan sama da kilomita 600 daga Maraɗi. Akwai kuma masu shiga makarantun koyon sana'a masu zaman kansu, inda kuɗin karatu ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Tun kafin a sayi tiyar shinkafa ɗaya, mai gida da uwar gida su zauna da ɗalibin su rubuta abin da tafiyar za ta ci. Dosiye na buƙatar takardar haihuwa, takardar shaidar ɗan ƙasa, takardar maki da shaidar cin jarrabawa, hotuna, da kwafe-kwafen da aka buga wa hatimi. Sai kuɗin rajista, kuɗin mota, katifa, gidan sauro, da hayar ɗaki ga wanda bai samu wuri a gidan kwanan ɗalibai ba. Hukumar ANAB tana ba da burs da tallafi, amma ba kowane ɗalibi ke cika sharuɗɗan ba, kuma wanda ya samu ma kuɗin ba sa zuwa a makon farko. Ya kamata a tanadi abin da zai ci na wata uku aƙalla.

Abin da ya rage bayan wannan lissafi shi ne kuɗin walima. Misali, idan iyali da dangi sun haɗa jika 150, aka ga tafiya za ta ci jika 110, to walimar jika 40 za a yi, a tsara ta daidai da haka. Daidai ruwa, daidai tsaki. Abu biyu ne ya kamata a guje wa: cin bashin da za a biya da kaka, domin manomi kan biya shi da hatsi a lokacin da hatsi ya fi araha, da kuma sayar da akuyar da ke haihuwa, wadda ita ce asusun da za a koma wa idan yaro ya bugo waya daga Maraɗi.

Me ya sa da hantsi?

A Amurka iyalai kan haɗa karin kumallo da abincin rana a zama ɗaya idan yaro ya gama sakandare. A nan ma abin ba baƙo ba ne. Da safe ake raɗin suna, a raba goro da dabino, a ci masa, kowa ya kama gabansa. Walimar BAC tana iya bin wannan tsari da kowa ya sani.

Fa'idar farko ita ce kuɗi. Abincin safe ba ya neman tulin nama kamar na dare. Ba a buƙatar hayar injin wuta ko fitilu, kuma taron da ke da lokacin tashi ba ya rikiɗewa ya zama ciyarwa sau biyu. Ta biyu ita ce yanayi: a damina hadari ya fi haɗowa da la'asar ko da dare, kuma da magariba ne sauro ke fitowa, a daidai watannin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara. Ta uku, dattawa da malamai da mata masu goyo duk suna iya halarta, baƙin ƙauye kuma su koma gida da sauran rana.

Akwai abin lura guda. Lokacin noma ne, kuma da safe ake zuwa gona. Idan akasarin dangi manoma ne, Juma'a ta fi dacewa, domin da yawa ba sa daɗewa a gona ranar, kuma sallar Juma'a da kanta za ta rufe taron. Idan ma'aikata ne suka fi yawa, a zaɓi Asabar ko Lahadi. Daga ƙarfe 9 zuwa ƙarfe 12 ya isa. A yi tanadin rumfa ko zaure ko da sama ta yi garau, a kuma ari tabarmi da kujeru daga maƙwabta kafin a yi maganar haya.

Wa za a gayyata?

A rubuta sunaye a takarda, a ƙara kashi ɗaya cikin huɗu saboda waɗanda za su zo ba gayya da kwanonin da za a aika gidajen maƙwabta. Mutum 40 a rubuce, abincin mutum 50 ke nan.

Wasu mutane bai kamata a manta da su ba. Na farko shi ne mai masauki. Yara da yawa da ke karatu a Dakoro daga ƙauye suka zo, suka yi shekaru a gidan wani yana ci da su. Irin wannan mutum a je har gida a gayyace shi, a ba shi wurin zama kusa da mahaifi, a ambaci sunansa a gaban jama'a. Na biyu malamai, tun daga mushen firamare har na ajin ƙarshe, da malamin makarantar allo. Da yake lokacin babban hutu ne, wasunsu sun yi tafiya, don haka a sanar da su da wuri.

Na uku su ne abokan ajin da ba su samu ba. Ɗalibin ne da kansa ya kamata ya je ya gayyace su, ba tare da matsi ba. Wanda ya zo a karɓe shi hannu biyu, kada a tambaye shi maki. Littattafai da kayen darasin wanda ya ci suna iya zama kyauta mafi amfani ga wanda zai sake zama baɗi.

Abin da za a dafa

Damina tana tsadar da hatsi, amma tana kawo wasu abubuwa cikin sauƙi, kuma a kansu ya kamata a gina abincin. Zogale ya yi ganye, zabi suna ƙwai, nono kuma yana ƙaruwa a hannun makiyaya yayin da ciyawa ke fitowa. Dambu da zogale da ɗan mai da albasa yana ƙosar da jama'a da yawa da kuɗi kaɗan. A haɗa shi da masa da miya, ƙosai ko fanke, dafaffen ƙwan zabi, da koko ga masu zuwa da wuri. Fura da nono ta rufe. Dattawa kuma a ajiye musu shayi da cuku.

Ba dole ne a yanka rago ba. Ƴan kilo na nama a cikin miya, ko kaji biyu zuwa uku, sun wadatar da taron hantsi. Wanda ke da hali ya yanka ɗan akuya, ba laifi, muddin ba daga kuɗin rajista ya fito ba.

Masa da ƙosai aikin gwanaye ne. Ya fi sauƙi a yi magana da mai tuya ta unguwa kwana uku kafin ranar, a faɗa mata yawan mutane, ita ta san tiya nawa za ta jiƙa. Ƙullun masa yana kwana kafin ya tashi, saboda haka ba aikin da ake farawa da asuba ba ne. A raba sauran aiki tun da wuri: mace ɗaya a kan tukwane, saurayi ɗaya a kan ruwa da ƙanƙara, wani a kan tarbar baƙi. Lemun kwalba yana cin kuɗi ba gaira ba dalili. Bisap, ruwan citta da na tsamiya da aka haɗa a gida sun fi araha.

Ruwa da tsabta

Jihar Maraɗi ta fuskanci annobar kwalara a daminar 2018 da ta 2021. Taron da ake ci da hannu daga tire ɗaya yana buƙatar kulawa. Ruwan da za a dama fura da shi ko a haɗa bisap, a tabbata na pompo ne mai tsabta, ko a tafasa shi, ko a sa masa ƙwayar tsabtace ruwa irin su Aquatabs. Ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba a sa ta a bayan robobi ta sanyaya su, kada a jefa ta cikin abin sha. A ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa, yaro ɗaya yana zuba wa mutane. Kwano ɗaya da kowa ke tsoma hannu ba ya wanke komai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ko cikin sanyi ba. Abin da ya rage a raba shi nan take.

Yadda zaman zai gudana

A buɗe da addu'a. Mahaifi ko kawu ya yi godiya a taƙaice, malami ɗaya ya yi magana, ɗalibin ya gode wa waɗanda suka ɗauki nauyinsa ya kuma faɗi abin da yake son karantawa. Wannan magana ta ƙarshe tana da amfani, domin a cikin baƙi ana iya samun wanda ke da ɗan'uwa a Yamai ko Damagaram da zai ba da masauki, ko tsohon ɗalibi da ya san yadda ake ajiye dosiye. Sai a ci abinci, matasa su yi hotunansu. Zagayen babura cikin gari kuwa, iyaye su hana shi tun kafin ranar; karaya ɗaya ta isa ta cinye kuɗin shekara.

Game da gudummawa, a faɗa wa dangi gaskiya cewa abin da aka fi buƙata na tafiya ne. Maimakon anko, wani ya ɗauki katifa, wani jaka, wani kuɗin mota. Waɗanda ke nesa, a Legas ko Libiya ko Abijan, su aiko ta kamfanonin aika kuɗi, a ware abin da suka aiko daban da kuɗin cefane. Mutum ɗaya amintacce ya rubuta komai a littafi, domin buki rance ne, wata rana za a rama.

Idan ɗalibar mace ce, lissafin tafiya ya ƙara muhimmanci. Alƙaluman UNICEF sun nuna kusan kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, don haka wadda ta kai BAC ta tsallake shingaye da yawa. Sau da yawa a wurin walima ne ake fara raɗe-raɗin cewa karatu ya isa haka. Iyayen da suka yanke shawarar ƴarsu za ta ci gaba, su riga kowa: su nemo mata masauki na aminci a garin da za ta je, su ajiye kuɗin rajistarta, sannan mahaifinta ya faɗi sunan jami'ar da bakinsa a gaban baƙi kafin a shafa fatiha.